Ungulaye Tara da Mushen Saniyar Yaya

Ni mahauci ne, ɗan mahauci, kuma in ana maganar nama ba na son a koya mini. Shekara arba'in da uku ina riƙe da wuƙa. Ajiye mini hanta a kan tebur, kafin ka ɗauke hannunka zan gaya maka ko dabbar ta yi ciwo, ko ta sha doguwar tafiya, ko tsufa ne kawai ya ci ta. Na faɗi wannan tun farko ne don ku san irin mutumin da ya aikata abin da zan ba ku labari. Da jahili ne ya yi shi, da abin ya zo mini da sauƙi.

Muna yara, ungulayen da ke sauka a mayankar garinmu ba sa ƙirguwa. Rufin kwanon baƙi ƙirin yake da su tun hantsi, kana fiɗa suna leƙenka, ka juya baya su ja hanji su yi gaba. Mahaifina ya zage su ya gaji, ya jefe su da ƙashi ya gaji. Sai suka fara raguwa, ba wanda ya lura, don wa zai zauna yana ƙirga ungulu? Sai da karnuka suka cika bayan mayanka, wari ya hana mutanen unguwar buɗe taga, sannan aka fara tambayar juna, "Wai ina ungulayen nan suka shiga ne?"

Wanda ya zauna ya ƙirga su shi ne Hedimasta, abokina tun muna yawo ba takalmi. Da ya yi ritaya sai zaman gida ya ishe shi, ya tara mutane suka kafa ƙungiyar kula da tsuntsaye da namun dajin da suka rage a kewayen gari. Akwai Tela, akwai Mai Kemis, akwai matar mai gidan burodi, da malaman firamare biyu, da sabon likitan dabbobi. Sun dasa itatuwa a bakin rafi. Sun bi manoma gona-gona suna roƙo a daina cinna wa ciyawar bakin tafki wuta, don agwagin ruwa a ciki suke ƙwai. Har akwatuna suka sa kafinta ya ƙera aka rataye a bishiyoyin makaranta. Ni kuwa duk wanda ya zo sayen nama sai na ba shi labarin ƙungiyar marasa aikin yi.

Wata safiya sai ga Hedimasta a bakin teburina, da littafinsa a hammata.

"Mai Sanƙo," ya ce, don haka kowa ke kirana tun gashina ya yi mini sallama, "tara suka rage."

"Tara me? Haƙoranka?"

"Ungulaye. Wata uku ina ƙirgawa. Tara ne, ba ƙari."

Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Na ɗaga kai na dubi rufin mayanka. Ko ɗaya babu.

Ya ce abin da ke ƙarar da su shi ne cin abin da bai kamata ba a juji da gonaki, inda ake zuba wa karnuka da ɓeraye guba. Ƙungiya ta samu fili a bayan mayanka, ƙarƙashin tsohuwar bishiyar nan mai tsayi, za a kewaye shi da waya don karnuka, a riƙa zuba musu abinci mai tsabta kullum don su daina yawon juji. Abin da suka rasa shi ne mai kawo abincin. Na ce masa ni na yi kama da kukun ungulu? Ya ce sosai ma, har kan iri ɗaya ne. Da wannan iskancin nasa ya ja ni taronsu.

A ajin 'yan aji shida aka yi taron, muna zaune a kan bencunan yara da gwiwoyinmu a ƙirji. Likitan dabbobi ya miƙe. Yaro ne, a haife na haife shi, ga ladabi, ga sanyin murya. Ya ce, "Doka ɗaya ce tak. Abin da ban duba na buga wa hatimi ba, kada ya shiga cikin wayar nan. Dalili kuwa shi ne, akwai abin da ido..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, "Likita, ina fiɗa tun kafin a yaye ka. Naman da zai cuci ungulu, tun daga bakin ƙofa hancina zai gaya mini."

Ajin ya kwashe da dariya, har Tela yana dukan benci. Likita ya yi murmushi, ya ninke takardarsa ya zauna. Na ji daɗin dariyar nan ƙwarai a ranar.

Haka na zama kukun ungulaye. Kullum in an gama yanka, Likita ya duba ya buga hatiminsa, sai in tara huhu da saifa da tantani da duk abin da ba mai saye, in zuba a baro in tura bayan mayanka. Da farko kunya nake ji, ina sauri kada abokan sana'a su gan ni. Kafin wata shida na fara tsayawa ina kallo. Kafin shekara na san su ɗaya bayan ɗaya. Akwai mai ɗingishi, akwai wata tsohuwa mai faɗa wadda ba ta bari kowa ya taɓa huhu sai ta ƙoshi, akwai wasu biyu da kullum tare suke sauka, tare suke tashi. Da sun ji kukan tayar barona sai su fara zubowa daga bishiya. Ban taɓa sa wa tayar nan mai ba, don kada su kasa gane ni.

Uwar 'ya'yana ta ce, "Malam, yau shekara talatin ban ga kana saurin zuwa wurin kowa haka ba." Na ce ta bar ni da abin da ya dame ni.

A shekara ta biyu, waɗannan biyun da ba sa rabuwa suka fara ɗaukar tsinke suna kaiwa can ƙololuwar bishiya. Hedimasta ya kusa zaucewa. Ya ce rabon da a ga sheƙar ungulu a garin nan an fi shekara goma, kuma ƙwai ɗaya tak suke yi a shekara. Aka hana kowa sare ko reshe. Matar mai gidan burodi ta sa aka matsar da injin niƙan da ke kusa saboda ƙara. Ranar da Hedimasta ya hango ɗan kai fari yana leƙowa daga sheƙar, da gudu ya shigo mayanka, mutum mai ciwon gwiwa, ya rungume ni da jinin da ke jikina da komai.

"Goma!" yake ta faɗi. "Mai Sanƙo, mun zama goma!"

Bayan wannan da kamar sati uku saniyar Yaya ta mutu.

Yaya ita ce babbarmu, ita ta goye ni. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna nesa, saniyar nan ce abokiyar hirarta. Ƙafa ce ta kumbura mata, ta kwanta ta ƙi tashi, aka wayi gari ta mutu ba a samu yankawa ba. Na je na tarar da Yaya zaune a kan turmi kusa da ita, ta dafa wuyanta, idanu sun yi ja.

"Autan Inna," ta ce, "ya zan yi da ita? Ƙasar nan ta bushe, wa zai haƙa mini rami? Kuma ba na son a ja ta a yar a juji karnuka su yi ta wasa da ita."

Nan take dabara ta faɗo mini, har ina yaba wa kaina. Ga iyaye biyu suna ciyar da ɗa, ga huhu da saifar da nake kai musu ba sa isa, ga saniya guda za ta lalace a banza. Mu mahauta ba abin da muka tsana kamar a zubar da nama. Likita kuwa ya shiga ƙauyuka rigakafi, sai bayan kwana uku zai dawo, kafin nan ta ruɓe.

Ba wai ban duba ba. Wallahi na duba, dubawa irin wadda ban taɓa yi wa naman da mutum zai ci ba. Na farke ta a tsakar gidan. Hanta lafiya lau, ba ƙuraje. Huhu fes. Ƙoda ba abin da ya same ta. Na cire ƙafar da ta kumbura gaba ɗaya na ajiye gefe don a binne. A wuya na ga gurbin allura har uku, naman wurin ya ɗan yi duhu. Na tambayi Yaya, ta ce wani mai yawo da magungunan dabbobi a babur ne ya yi mata, don ta samu sauƙin zogi, ta ƙarshe ma jiya da yamma. Sai na yi abin da kowane mahauci ke yi, abin da mahaifina ya koya mini: na zagaye wurin da wuƙa, na yanke shi da faɗi, na jefa a kan ƙafar. A sanina, in ka cire gurbin allura ka cire magani.

Sahu huɗu na yi da baro. Ranar suka ci kamar ba gobe, su taran duka. Tsohuwar nan mai faɗa ma ba ta kori kowa ba, don akwai na kowa. Na tsaya a jikin waya ina jin daɗi, har na koma na gaya wa Yaya saniyarta ta yi amfani ko bayan ranta. Ta ce, "Alhamdu lillahi, ka sanyaya mini zuciya."

Washegari ba su sauko ba. Na ce ƙoshi ne.

Rana ta biyu na tura baro, taya tana ta kukanta, ko motsi. Na ɗaga kai. Suna nan a kan rassa, amma kowace ta saki wuya, kai ya rataye har ƙirji. Ungulu ba ta zama haka. Na buga baron da wuƙa, na yi musu kiran da na saba. Ɗaya ta ɗago, ta dube ni, ta sake saki.

Rana ta uku da hantsi na tarar da huɗu a ƙasa. Ina tsaye mai ɗingishi ta faɗo, ji kake tim, kamar an yar da buhu. Na aika a kira Hedimasta da Likita, wanda ya dawo da safen nan. Kafin la'asar tara ɗin duka suna jere a kan teburin mayanka, teburin da nake fiɗa a kai.

Mutane suka cika ƙofa. Tela yana ta rantsuwa cewa wani maƙiyi ne ya zuba guba, sai an nemo shi. Mai Kemis ya ce a rufe ƙofar filin a kira hukuma. Likita kuwa ya matso wurin teburin. Ya sa safar hannu, ya ce in ara masa wuƙa, sai kuma ya ce, "Baba, hannunka ya fi nawa, buɗe mana wannan."

Na buɗe. Hanta da zuciya da ƙoda duk sun yi fari-fari, kamar an barbaɗa musu garin alli. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Na buɗe ta biyu, haka. Ta uku, haka.

Likita ya yi magana a hankali. Ya ce wannan ba gubar ɓera ba ce. Akwai wata allurar kashe zogi da ake yi wa shanu, ba ta yi wa saniya komai, amma tana bin jini ta shiga kowane lungu na naman, ba launi, ba wari. In dabbar ta mutu kafin maganin ya fita daga jikinta, ungulu ta ci, ƙodarta ce ke tsayawa. Ya ce abin da ya sa yake tambayar masu dabbobi kafin ya buga hatimi ke nan. Ya ce, "Shi ne na so in yi bayani ranar taron farko."

Bai dube ni ba da ya faɗi haka, kuma ba da gatse ya faɗa ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Wuƙar tana hannuna. Na ajiye ta. Na ce, "Tela, daina neman maƙiyi. Ni ne."

Na faɗa musu komai, tun daga turmin da Yaya ke zaune har sahu na huɗu. Abu ɗaya na roƙa, kada maganar ta kai kunnen Yaya, don ba ta da laifi, kuma ba za ta iya ɗauka ba. Hedimasta ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya goge, ya sake gogewa. Shekara hamsin ba mu taɓa haɗuwa bai tsokane ni ba. Ranar kuwa juyawa kawai ya yi ya fita.

Matar mai gidan burodi ce ta ce, "To, ɗan fa?"

Wallahi duk mun manta da shi. Aka ruga aka kira mai gyaran wuta da dogon tsaninsa, ya hau har inda tsanin ya ƙare, ya ƙarasa da hannu da ƙafa. Ya sauko da shi a cikin rigarsa. Wani abu ne mai kamar ƙullin auduga mai datti, ga wuya siriri, ga kai ba gashi, da ƙyar yake buɗe ido. Likita ya ce ko dai abin da iyayen suka kai masa kaɗan ne, ko kuwa kwanansa ne bai ƙare ba. Ya ɗura masa ruwa da sirinji, sannan ya tambaya wa zai riƙe shi, don sai an ciyar da shi sau biyar a yini.

Ban ɗaga hannu ba. Da wane ido? Sai muryar Hedimasta daga baya, ashe ya dawo: "A ba Mai Sanƙo. Duk garin nan yanzu ba wanda zai fi shi tsoron abin da zai sa masa a baki."

A ɗakin ajiyarmu ya zauna, cikin tsohon kwandon wanki, tsakanin buhun gawayi da keken ɗinkin da ya lalace. Uwar 'ya'yana ta leƙa ta ga kansa, ta dubi nawa, ta ce, "Sannu, Takwara." Sunan ya bi shi. Kowace tsoka sai na kai wa Likita ya gani, ko da daga dabbar da ya riga ya buga wa hatimi ce, har ya gaji ya ce, "Baba, wannan ai na duba ta da safe." Na ce ya sake dubawa. Ina yanka masa ƙanana-ƙanana, in jiƙa da ruwa, in miƙa da yatsa. Ya yi mini amai a riga ba adadi. Warin ɗakin kuwa, baiwar Allah nan ta haƙura da shi ba ta taɓa yi mini gori ba.

Ya rayu. Gashi ya fito masa, ya yi baƙi, ya fi zakara girma. Da ya ji tafiyata sai ya fara tsalle yana buɗe baki. Ya fara bina tsakar gida, daga nan har bakin titi, yana tafe yana rangaji a bayana, mutane suna dariya. Na kai shi filin bayan mayanka don ya koyi tashi. Na ɗora shi a kan reshe, ya diro ya dawo ya tsaya a kan takalmina. Na nuna masa sama, shi kuwa hannuna yake kallo. Ba abin da ke yawo a saman da zai gani ya bi.

Hedimasta ne ya rubuta wasiƙa zuwa wata cibiya mai nisa inda ake renon irinsu. Bayan wata biyu wata mata ta zo da mota da akwatin katako mai huji-huji. Ta duba fikafikansa, ta auna shi, ta ce ban yi wasa da cikinsa ba. Sannan ta ga yadda yake cusa kai cikin tafin hannuna, sai fuskarta ta canza.

"Baba, ya ɗauka kai ne uwarsa," ta ce. "Bai san shi ungulu ba ne. A wurinmu akwai guda shida. Za mu haɗa shi da su, ba zai riƙa ganin fuskar mutum ba ko wajen cin abinci. In Allah ya sa ya saba da su, wata rana a sake shi."

"A nan za a sake shi?"

Ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce ba a sakin ungulu inda ba 'yan'uwanta.

Na ce to, zan riƙa zuwa ina duba shi, ko sau ɗaya a wata, mota ba ta gagare ni ba. Ta ce gara kada in zo. In ya ji muryata ko ya hango ni, duk aikin zai koma baya. In kuwa bai manta da ni ba, ranar da aka sake shi wurin mutane zai nufa, kuma ba kowane mutum ne zai miƙa masa nama ba.

"Ko yanzu ma," ta ce, "in mun sa shi a akwati, ka daure ka koma inda ba zai gan ka ba. Kada ka yi masa magana."

Ni na sa shi a akwatin da hannuna, don ba ya yarda da kowa. Ya shiga ba gardama, yana tsammanin abinci ne zai biyo baya. Na zagaya bayan katangar mayanka na tsaya. Ina jin sa yana kartar katako da farce, yana irin kukan da yake yi in na makara. Sunansa ya zo mini har bakin leɓe, na toshe bakina da hula. Hedimasta ya zo ya tsaya kusa da ni, ya riƙe mini hannu gam kamar mai tsoron zan ruga, kuma da bai riƙe ba da na ruga. Aka rufe ƙofar mota, aka tayar, kukan ya yi ta raguwa har na daina ji.

Na yi kuka a wurin, kuka sosai, ni da furfurata, ban damu da wa ke kallo ba. Na roƙi Allah abubuwa da yawa a rayuwata, lafiya da rufin asiri da shiriyar 'ya'ya. Ranar na ɗaga hannu a bayan katangar nan na roƙe shi da zuciya ɗaya ya sa Takwara ya manta da ni, ya manta sarai, ko a hanya muka haɗu kada ya gane ni.